Tunkiyar da Aka Ba Wa'adin Kirsimeti

Babu gwamnatin da ta kai jikin tunkiya tsari. Ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta cikin jini, wanda muke kira homon, ya zaga jiki kaf, amma ba ya shiga sai inda ya tarar da makarɓinsa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Ba cin hanci, ba "dawo gobe". Na yi shekaru ina zana wa 'yan sakandare wannan a allo suna hamma. Sai da na yi ritaya muka koma unguwar Gabukka sannan na samu ɗalibar da ba ta iya gudu daga aji.

Tunkiya ce fara mai baƙin ido, wadda mahaifiyata ta aiko mini daga ƙauyenmu a kudancin Gombe kafin ta rasu. Ta ci dusa, ta ci harawa, ta ci rabin littafin waƙoƙin coci na uwargidana, amma haihuwa shiru.

"Malam," in ji uwargida, "in Kirsimeti ta zo ba ciki, tukunya ce."

"Ta Mama ce fa."

"Mama ba ta kiwon ado."

Na koma ga littattafaina. A cikinsu akwai cewa idan aka raba tunkiya da rago na wani lokaci, sannan aka kawo shi kwatsam, warinsa kaɗai kan sa ƙwaƙwalwarta ta saki saƙon da ke nunar da ƙwai. Tawa kuwa kullum tana yawo cikin tumaki da ragunan unguwa. Sai na yanke hukunci cewa ta saba da warin ne har ya daina gaya mata komai. Da damina ta kankama, lokacin da kowa ke ɗaure dabbobinsa saboda gonaki, na ɗaure tawa a bayan madafa ita kaɗai, wata biyu cur.

Daga nan na je aron rago wurin maƙwabcinmu, wani Alhaji Bafulatani mai sayar da yadi.

"Modibbo," in ji shi, wato Malam da Fulatanci, "yanzu tunkiya ma sai an yi mata lacca?"

"Warinsa nake so tukuna, Alhaji."

"Warin kyauta ne. Ka dai dawo mini da mai shi."

Ragon ya shigo gidanmu da taƙamar sabon shugaban makaranta. Tunkiya ta dube shi, ta tunkuye shi, ta koma kan harawarta. Na bayyana wa uwargida cewa makarɓa na bukatar lokaci.

"Ni dai na ga an ƙi baƙo," ta ce.

Bayan mako guda na mayar da shi. Ba da jimawa ba ciki ya fito, hantsa ta cika. Uwargida ta daina zancen tukunya, har na kama ta tana ajiye mata ƙowar wake. Ni kuma duk wanda ya tsaya kusa da ni bayan sujada sai ya ji darasin homon.

Ta haifi tagwaye kafin Kirsimeti, duka mata. A bikin, kaji muka ci. Alhaji ya zo barka, ya ce daga yau a riƙa kiransa kaka. Yanzu in na leƙa bayan madafa, kyautar Mama ta zama ƙaramin garke, ɗaya daga cikin 'ya'yan har ta gaji baƙin idon.

Wata uku bayan zuwan ragon ta haihu. Cikin tunkiya wata biyar ne.