An Ce In Ce Muku

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai shelar unguwarmu a Illela. A shekarar da satar mutane ta yi ƙamari ta wajen Kalmalo, kowa ya koma kallon maƙwabcinsa a kaikaice. Masu awo suka daina sayar wa Fulani gero, wai daji ake kai wa ɓarayi.

Ina koyarwa a firamare a lokacin. Wata ranar Asabar na je gaishe da Kawu, sai ga mai unguwa da saƙon hukuma: a yi shela cewa duk wanda ya hana wani ciniki saboda ƙabilarsa za a hukunta shi, kuma duk mai baƙo a gida ya kai sunansa.

Bara waccan aka kore wa Kawu shanun noma, kuma ya yi imani wani makiyayi ne ya nuna su. Ga kuma wani dattijo daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, da ke kwana a zaurensa, wanda ba mu san alaƙarsu ba.

"Ranka shi daɗe, wagga magana ba tau ba ta," in ji Kawu. "Mi za ni hwaɗi wanda zuciyata ba ta yarda da shi ba?"

"Ba zuciyarka anka aiko ba, malam. Muryarka anka aiko."

Ranar kasuwa ya ɗauki lasifika ya zaga. Bai rage kalma ko ɗaya ba, amma kowace jimla sai ya fara ta da "An ce in ce muku."

Nan zargi ya tashi. Mai unguwa ya ce ba'a yake wa hukuma. Masu awo suka ce an saye shi. Matan Fulani da suka dawo da nono suka riƙa kauce wa ƙofarsa. Ni ma, duk lokacin da na wuce zauren, sai na saci kallon buhun dattijon nan ina tunanin abin da ke ciki.

Kawu bai kai sunan baƙonsa ba. Kafin sati ya zagayo aka karɓe lasifikar aka ba wani, dattijon kuma ya koma Ƙonni.

Bayan rasuwar Kawu na tambayi mahaifiyata ko wane ne mutumin. Ta ce tare suka yi fataucin albasa suna samari. Sai ta rage murya ta ce, "Haka dai shi ya gaya mini."