Yatsan da Na Samo a Maiyama

Bazara ce mai zafi, shekarar da ta biyo bayan yanke mana jiha, kowa yana jiran sabon abu. Mu masu girki da shara da gadi a makarantun kwana sai muka ji an kai ƙuduri majalisa: a daina yi mana biyan kullum, a sa mu cikin masu albashi. Aka ce mu tara yatsu a takarda don nuna goyon baya. Da yake na yi yaƙi da jahilci, ni aka ɗora wa rubuta sunaye.

Mun tashi da asuba daga Jega, ni da wata abokiyar aiki. A Aliero buhunan albasa sun fi mutane yawa a mota, muka sauka da hawaye ba wanda ya taɓa mu. Nan ba mu sha wahala ba, har fura aka dama mana. Muka juyo, muka kama hanyar Maiyama.

Rana tsaka muka isa. An yi hutu, makarantar shiru, tagogi a buɗe, ko akuya babu. Sai ƙarar kankarar tukunya daga madafa. Tsoho mai gadi ya ɗaga murya: "Inna Kulu! Ga baƙi!"

Inna Kulu mun yi aiki tare a da, kuma damina uku da suka wuce da ni aka yi mata wankan gawa.

"Na'am," aka amsa daga ciki. Muryarta ce sak.

Mace ta fito cikin zanen da na sani, tana ɗan jan ƙafa kamar yadda marigayiyar take yi. Sai da ta matso na gane Hajo ce, ɗiyarta.

"Inna, kar ki tsorata, ni ta," in ji ta. "Ba mu faɗi ta rasu ba, don kar a ba wani wurin. Marayu huɗu ke ci daga tukunyar ga."

Na ce, "To ɗiyata, wane suna zan rubuta? An ce in dokar ta wuce, kowa zai bayyana a gan shi."

Ta dubi mai gadi, ya dubi ƙasa. "Sunan da kika rubuta, shi zan amsa." Ta dangwala yatsa, na bar gefensa fari.

Muka dawo Jega. Tafiyar ta nuna mini ashe akwai talaucin da ke hana mamaci hutawa da sunansa.

Washegari bayan sallah na rubuta Hajo a gefen yatsan. Ban ba direban da zai kai ta majalisa takardar ba kamar yadda aka shirya. Na yafa mayafi na hau motar Birnin Kebbi da kaina, don in aka tambayi wace ce ita, a sami bakin da zai ce shekara uku tana kan murhu.