Wuƙar da ta haɗiye bakinta

Maƙwabcinmu a unguwar Ƙurban ta Madina, wani tsohon direba Bacade, shi ya kawo wa kakana wuƙar a naɗe cikin tsumma, ya gyara masa. Ya ce ta mahaifinsa ce, daga Libiya ya zo da ita, ƙirar Italiya. Ni dai ban ga wuƙa ba. Wani guntun ƙarfe na gani, tsatsa ta cinye shi, ƙahon ƙotar ya tsage gefe guda.

Kaka maƙeri ne a Damagaram kafin ya zo Madina. Tun da hannunsa ya fara rawa ya daina taɓa magagari da sauran kayan ƙira. Mamata ta roƙe shi ya mayar, kada ya ji kunya a gaban baƙo. Ya ce in wannan ta gagare shi, zai rabar da kayan aikinsa, shi ke nan.

Kullum na dawo makaranta sai in hau soro inda yake aikin in zauna nesa kaɗan. Ya jiƙa ta a kananzir har ruwan ya koma kalar shayi. Ya cire ƙusoshin tagulla, sirara kamar ƙwayar shinkafa. Ya gasa ƙahon ragon layyarmu, ƙaurin ya cika gidan, ya danne shi har ya miƙe. Na lura in ƙarfe na hannunsa rawar takan ragu.

Ranar da ya gama, bayan la'asar, ya kira direban. A gidanmu ba a miƙa wuƙa ta baki, sai ta ƙota. Kaka ya juya ta, ya sake juyawa, ya rasa ina ne bakin, don duk jikinta ƙota ne. Direban ya yi dariya, ya ce maƙerin Damagaram guda, Bature ya ɗaure shi.

"Matata," in ji Kaka, haka yake tsokanata, "zo ki gaya wa mijinki ta ina za ta fito."

Na matso, na nuna masa siririn layin da ke gefe. Ya kawar da ita daga gare mu, ya yi bisimilla, ya danna ɗan maɓallin da ke jikin ƙotar.

Ƙyas. Ban ga fitowarta ba. Kawai ga ta, fara fat, doguwa, hasken rana na gudu a kanta har tsini. Direban ya rufe bakinsa da hannu yana ta mashaAllah.

Kaka ya daɗe yana kallon yatsunsa. Sannan ya tambayi Mama ko almakashinta har yanzu yana tauna yadi, ya ce a hawo masa da shi.