Almakashin Baba Tela

Tun yana saurayi Baba Tela ya kafa doka a shagonsa: kowa ya taka keken ɗinki, amma wanda ya taɓa almakashi ya ɗebo ruwan dafa kansa. Haka shagon ya tsufa bai girma ba. Ma'aikata duk suka kama gabansu, 'yarsa kaɗai ta rage.

Yau wata makaranta ta kawo ɗinkin ɗalibanta kaf, aikin da ya daɗe yana roƙon Allah. Yana shimfiɗa yadi, hannunsa ya hau rawa. Yankan farko ya karkace, na biyu ma haka. Gumi ya keto masa.

"Ke, zo ki yanka!" ya daka wa 'yarsa tsawa.

Ta dubi almakashin, idonta ya ciko. "Baba, ta ina ake farawa?"