Ampilin da Ya Watsa Jana'izar Sharifu

A unguwar Gataa El Oued, in an yi haihuwa ko rasuwa, ba a dogara da waya. Rabin mutanen suna kan gini tun safe, hannu dumu-dumu cikin siminti, wayar tana aljihun rigar da aka rataye a ƙusa. Sauran kuma layinsu ya mutu tun watan jiya. Tasi'u ake jira.

Tasi'u Badamagare ne, shekararsa goma sha ɗaya a Tamanrasset. Yana da farar bashe, wato akori-kura, da yake ɗibar wa magina yashi da bulo. Shela ba sana'arsa ba ce, ba a kuma biyansa. Shi dai in abu ya faru, sai ya naɗi muryarsa a katin memori, ya soka a rediyon motar, ya buɗe ƙofofi biyu ya ɗaure su da igiya, ya riƙa bin lungu-lungu a hankali kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Kowa ya san farkon maganar: "Salamu alaikum jama'a, Tasi'u ne." Sai ɗan tari, sannan sunan wanda abin ya shafa.

Matsalar ita ce rediyon da motar ta zo da shi daga kamfani ba ya ƙetare katanga ta biyu. Matan cikin gida sun sha mita. Daga baya ƙungiyar 'yan Nijar ta yi karo-karo aka ce a sayo masa ampili, ɗan akwatin nan da ke ƙara wa rediyo ƙarfi, amma mai rahusa, don abin da aka tara ba yawa.

Tasi'u bai yi gaggawa ba. Sati uku yana tambaya. Wani mai gyaran wayar mota a In Amguel, inda manyan motoci ke tsayawa shan shayi, ya zaro rediyon ya nuna masa bayansa: babu ramin da ake soka wayar ampili, dole a nemi wanda zai karɓi sauti daga wayoyin lasifika kai tsaye. Ya kuma ce masa, "Abin da aka rubuta a kwali, bar wa kwali. Dubi fizibul ɗinsa, fiyus ɗin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa. In ƙarami ne, ƙarfin ma ƙarami ne, ko da sun rubuta dubu goma." Shi kuma Tasi'u ya ƙara nasa gwajin. Yana da wani saƙon murya da tsohuwarsa ta aiko daga Damagaram, ba haƙori ko ɗaya a bakinta, ga kaji na kuka a bayanta. Ya ce duk ampilin da ya fitar da maganar Inna kalma-kalma, shi ne nasa.

Ranar saye, shugaban ƙungiya Alhaji Muhammad Kabir, mai shagon atamfa, ya ce zai raka shi, tunda kuɗin na hannunsa. Suka nufi shagon Kamaluddeen, wani Bakano mai sayar da kayan sautin mota.

"A'a, Damagarawa an waye!" in ji Kamaluddeen. "Yau ba gishiri kuka zo saye ba?"

"Bakano, rage surutu ka ɗauko mini wancan ƙaramin," Tasi'u ya ce. "Mai launin toka."

Aka jona shi a batir. Tasi'u ya sa muryar tsohuwarsa. Sai ga ta tsaf kamar tana zaune kan buhun da ke gefensu: "Tasi'u, ka gaida mutanen gidanka, ka bar shan ruwan sanyi da safe." Har zakaran ma an ji shi daban.

"Shi ke nan," in ji Tasi'u. "Naɗe mini."

Kamaluddeen bai ko kalle shi ba. Sai ya juya wajen shugaba. "Ranka ya daɗe, wannan ai na masu sauraron labarai ne a cikin mota. Mutum irinka, ƙungiya guda a bayansa? Ga oga nan." Ya sauko da wani jibgegen ja mai fitilu, an rubuta wat dubu biyar a kwalinsa, ya sa kiɗan gita, gwangwanayen kanta suka hau rawa. "Kuɗinsu ɗaya, wallahi don kai ne. Na haɗa maka da ƙaho, babbar lasifikar nan, a ɗaura a saman mota. Daga nan har In Ekker sai an ji ku."

"Sa muryar Inna a ciki," Tasi'u ya ce.

Aka sa. Abin da ya fito ba Inna ba ce, wani gurnani ne kamar ana jan tebur a siminti.

"Tsohuwa ce ba ta da haƙori," in ji Kamaluddeen. "Laifin na'ura ne?"

"Alhaji," Tasi'u ya juya ga shugaba, ya rage murya, "bar ma zancen sauti. Farar mota, ƙaho a kanta, a unguwarmu? Ka san abin da mutanenmu ke yi in sun ga haka."

"Malam Tasi'u, kai direba ne. Tuƙi muka ba ka. Jama'a sun ba da kuɗinsu, in kai musu abu kamar kwalin sabulu su ce na ci saura?"

Nan ne Tasi'u ya yi kuskurensa, shi ma bai musa ba har yau: ya yi shiru. Kuɗin jama'a ne, shugaba kuma ya girme shi. Aka ɗaura ƙaho. Shugaba ya ƙara da cewa daga yanzu shi zai riƙa naɗar shela da bakinsa, don a san ƙungiya na da tsari.

Kwana shida bayan haka Sharifu ya rasu.

Duk wanda ya zauna Gataa El Oued ya san Sharifu, tsohon magini daga wajen Maradi. Shekara ashirin, babu baƙon da ya mutu a unguwar da ba shi ya yi masa wanka ba, ɗan Nijar ne ko ɗan Nijeriya, mai dangi ko marar kowa. Bai taɓa karɓar ko sabulu ba. Abu ɗaya yake faɗa in an yi masa godiya: "Ni dai ranar tawa, ku cika mini sahu." Matarsa Rakiyatu, mai sayar da shinkafa da wake a bakin gini, ta ji wannan magana ta fi sau ɗari.

Ya rasu ran Litinin. Kowa ya ji, amma ba wanda ya san lokacin sallah, don sai takardar binnewa ta fito. Mutane suka tafi aiki da kunne a buɗe, suna jiran Tasi'u. Takarda ta fito Talata da hantsi, liman ya ce bayan azahar. Rakiyatu ta leƙo daga bayan labule ta ce da Tasi'u, "Ƙanena, ka bi ko'ina. Har bayan kwari. Ka san abin da ya roƙa."

"In sha Allahu, Yaya."

Shugaba ya miƙo masa memori. Ya naɗi shelar da Larabci, sannan Faransanci, Hausa a ƙarshe, cikin wata murya ta ma'aikacin ofis wadda ko matarsa ba za ta gane ba. Tasi'u ya kunna a bakin lungun farko.

Abin da ya fito daga ƙahon nan ba magana ba ce. Tsawa ce mai tsatsa, ba a rarrabe yare balle suna. Kuma a Gataa El Oued, inda mutum uku cikin biyar takardunsu ba su cika ba, farar mota mai ƙaho tana ruri ma'anarta ɗaya ce: jandarma sun zo duba takardu. Ba wanda ke tsayawa ya saurara. Wanda ya tsaya sauraro shi ke kwana a mota mai zuwa iyaka.

Tasi'u yana gani da idonsa. Magina suka diro daga bene na farko, suka bar kwaɓin siminti yana bushewa. Mai shayi ya gudu da buta a hannu. Ƙofofi suka riƙa rufuwa gabansa ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe na'urar, ya fito yana ɗaga hannu: "Ni ne! Tasi'u ne! Jana'izar Sharifu ce!" Wa zai ji? Labari ya riga motar gudu. Kafin ya kai lungu na uku, waɗanda ke da waya sun buga wa na bayan kwari cewa kowa ya ɓuya, an shigo.

Mutum tara suka sallaci Sharifu. Tara! Liman, Tasi'u, shugaba, maƙwabta huɗu, da wasu Abzinawa biyu masu wucewa da suka ga makara ba masu ɗauka suka tsaya don Allah. Mutumin da ya wanke gawar rabin unguwa, aka rasa masu canjin kafaɗa.

Da suka dawo, shugaba ya tsaya ƙofar gida yana bayani. "Hajiya, jahilcin mutanenmu ne. Na'ura ce ta zamani, ba su saba ba."

Rakiyatu ba ta ɗaga murya ba, daga bayan labule ta amsa. "Alhaji, shekara nawa Tasi'u na kira da rediyonsa mai ciwon maƙogwaro, muna fitowa? Mun ce ba ma ji sosai. Ba mu ce ba mu san mai magana ba. Kai ka sayo abin da za a ji ka, ga shi an ji ka." Sannan ta ce da Tasi'u: "Kai kuma ƙanena, ka sani, ka yi shiru."

Tasi'u ya nufi motarsa. Ya hau saman bashe da sufana, ya kwance ƙahon, ya ciro jan ampilin daga ƙarƙashin kujera, wayoyi na reto. Ƙahon ya ajiye shi kan atamfofin shugaba. Ampilin kuma ya dire shi gaban Kamaluddeen.

"Ba ni mai tokar."

"Haba Badamagare, kaya in ya fita shago..."

"Bakano, yau ba ranar wasa ba ce. Sharifu ne ya wanke ƙaninka shekara huɗu da suka wuce, ko ka manta? Ina kake da azahar?"

Kamaluddeen ya sunkuyar da kai. Shi ma yana cikin waɗanda suka ja ƙofar shago suka kwanta bayan kwalaye. Ya ɗauko mai tokar, ya fito da kansa ya haɗa wayoyin.

Ran addu'ar uku, da hantsi, bashe ta shiga lungun farko, ƙofofi a buɗe ɗaure da igiya, ba komai a samanta. "Salamu alaikum jama'a, Tasi'u ne." Ɗan tari. Muryar ta ƙetare katanga ta biyu, ta uku, ba ta fashe ba. Wata mata a can ciki ta ce da 'yar'uwarta, "Ke, yi shiru, Tasi'u ne." Kafin azahar tabarmi sun ƙare, mutane na zaune kan bulo har bakin titi, da yawa ba sa iya haɗa ido da juna.

Tasi'u ya tsaya bakin labule ya ce, "Yaya, sun zo. Lungu ya cika."

"Na ji su," in ji Rakiyatu. "Allah ya ba su lada. Amma sahu ya roƙa, ƙanena, ba zaman tabarma ba."