Dattijuwar Kawu Bala

Duk wanda ya san Kawu Bala ya san ba a shan ruwan randar ɗakinsa sai an nemi izini. Ba rowa ba ce. A kan murfin randar yake ɗora tsohuwar laftof ɗinsa, wai sanyin ƙasa ya fi mata fanka. Dattijuwa yake ce mata. Da ita yake buga wa mutanen unguwa katin biki da na walima, tun ina ƙaramar yarinya.

Batirinta ya daɗe da mutuwa. Wuyanta ya karye, ya ɗaure shi da gezar rawani. Ɗansa Yaya Sani ya taɓa kawo masa sabuwa daga Kaduna. Kawu ya juya ta, ya shinshina, ya mayar cikin kwali.

"Baba, waccan fa ta tsufa."

"Ni ma na tsufa. Kawo kwalin da za ka saka ni."

Da madannin kunna ta ya lalace, ya rungume ta har Ƙofar Doka. Mai gyara ya ce, "Malam, wannan sai 'yan gwangwan." Kawu ya ce, "Kai ka yi mata wanka da za ka ce ta mutu?" Bai bar shagon ba sai da aka yi mata dabara: da an kawo wuta, ita za ta kunna kanta.

Shi kuwa mutum ne mai barcin rana a zaure, wuta ta zo ta tafi bai sani ba. Sai ya sa aka ɗauki muryarsa aka saka mata. Duk lokacin da ta farka, sai a ji daga ɗaki: "Bala, tashi, an kawo wuta." Matarsa, Inna Lami, takan ce, "Ni in tashe shi ya yi tsaki, shi ya tashi kansa ya ce na'am."

Ya rasu a makon da unguwarmu ba ta da wuta. Babu wanda ya tuna da Dattijuwa.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, mata muna tsakar gida, maza suna zaure. Ƙwan fitila ya kama. Jim kaɗan muka ji shi, daga ɗakin da aka rufe tun da aka fita da shi.

"Bala, tashi, an kawo wuta."

Babu wanda ya motsa. Mai addu'a ya tsaya da hannu a sama. Muka zuba wa labulen ƙofar ido, har da ni da na san ko mene ne.

Yaya Sani ya shigo daga zaure. Ya ce yau ɗin nan zai miƙa ta ga 'yan gwangwan, ba zai iya sake jin wannan ba. Ya kama ƙofar.

Inna Lami ta ɗago.

"Sani, bar min ita. Wa ya rage da zai kira sunansa a gidan nan?"

Tana nan a kan randar. Ni nake buga katin yanzu. In ta yi kiran, Inna takan dakata da abin da take yi, ta ɗan jira, sannan ta ci gaba.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Ranar da za a ce ka tashi, Allah ya sa ka tashi cikin haske.