Murafe Ashirin na Mai Duro

Shekara goma sha tara Mai Duro ya yi yana bin ɗakunan girki yana karɓar man suyar da ya yi baƙi. A rumfarsa ta bayan kasuwa yakan tace shi da tsumma, ya ɗumama a buɗaɗɗen duro, ya zuba soda da metanol, wani sinadari mai tururi mai guba, ya yi ta juyawa har kafaɗa ta ƙage. Idan haɗin ya kwanta, na sama ya zama man dizal, da shi injinan niƙan ƙungiyar unguwa suke aiki. Mutum ne mai barkwanci. Yakan ce duron ya fi shi tarbiyya, don bai taɓa mayar wa kowa magana ba.

Da ƙungiya ta samu tallafi, aka ce a zaɓi hanya ɗaya: ko duronsa, ko noman itatuwan mai, ko rufaffen injin da ba ya buƙatar mai juyawa. Aikin auna hanyoyin kuma 'yarsa aka ɗora wa, injiniyar da wannan duron ya yi wa karatu.

Ranar taro ta jera kwanoni huɗu a tebur: araha, tanadin ruwa, aikin yi, lafiyar ma'aikaci. Ta ba kowa murafen kwalba ashirin, ya raba su gwargwadon abin da ya fi damunsa. Ba sai an faɗa ba, idan kwanon aikin yi ya rinjaya, duro ya tsira. Idan na lafiya ne, an rufe rumfa. Abokansa masu niƙa suka yi ta antaya murafe a na aikin yi, don kara. Har aka zo kansa, kwanonin biyu kankankan suke.

Ya miƙe, ya shafa bakin kwanonin ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ne na lafiya?"

"Baba, ga shi a rubuce," in ji 'yarsa. Ta rage murya. "Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani, uwata. Ke dai nuna mini."

Ta ɗora hannunsa a kai, ya juye duka ashirin ɗin. Wani mai niƙa ya ce, "Haba dattijo, mu muna kare ka, kai kana daɓa wa cikinka wuƙa?"

"In an bar duron, bayana ɗan wani za a tsayar a kansa yana shaƙar tururin nan. Ni na san abin da yake ci."

Rufaffen inji ya yi nasara, 'yarsa ta rubuta makin a allo. Baƙin ciki ya tokare shi, ba don ya yi nadama ba, sai don bai iya wata sana'ar ba.

Da mutane suka watse ta tsaya gabansa.

"Baba, tun yaushe ba ka ganin rubutu?"

"Rubutu?" Ya ɗan yi murmushi. "Uwata, tun bara da murya nake gane ki."